Jiga Huɗun Ranar Kasuwa

Ku da kuke ta cika mini akwati da saƙo kuna tambayar ya aka ƙare da zuwan iyayen Lawali, ku yi haƙuri, kwana uku na yi ban iya buɗe wannan shafi ba. Yau dai na zauna. Wanda ya san zai zage ni ya dakata sai ya kai ƙarshe, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ga sababbin zuwa: sunana Habsa, 'yar Filinge ce ni, gidanmu na bayan kasuwa, shekarata ashirin da shida. Aiki nake a Yamai, a wani kamfani da ba zan faɗi sunansa ba. Lawali kuwa abokin aikina ne, tebur ɗaya ne tsakanina da shi, shekara biyu muna tare. Haifaffen Yamai ne, mai tsabta, mai fara'a, ko takalminsa bai yarda ƙura ta kwana a kai ba. Innata ta fi ni son shi, wallahi. Tun ranar da ya kawo mata maganin guiwa ba tare da ta roƙa ba ta daina kiran sunansa, sai dai "ɗana na Yamai". Ni kuwa kullum na kira waya sai ta tuna mini ƙanwata tana goyon na biyu.

Sai na ɗan yi muku bayanin aikin, in ba haka ba ba za ku gane laifina ba.

Muna da wata ƙatuwar na'ura a ɗaki mai sanyi, tsayinta ya fi ni, mu ma'aikata menfirem muke ce mata. Ita ɗaya ce, amma a cikinta an yanka ƙananan na'urori sun fi ɗari, kowace tana aikin wani, muna ce musu VM. Ku ɗauka gida ne mai ɗakunan haya, sai dai bangon ɗakunan yana matsawa. Abin da ake rabawa tsakaninsu shi ne memuwar, wurin da kowace VM ke baje aikin da ke hannunta. Da jiga ake auna shi.

Da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyakoki, kayan da muka yi oda suka maƙale a tashar ruwa wata da watanni. Aiki na ƙaruwa, memuwar ba ta ƙaruwa. Shugabanmu, Shef Isufu, ya ce a kunna wata manhaja da ke zagayawa da kanta: duk VM ɗin da ta ga ba ta aiki sai ta rage mata memuwar kaɗan-kaɗan ta ajiye wa masu bukata. Mai Tatsa muka sa mata suna. Tana da amfani, amma ba ta da hankali ko ɗaya. In ba ka ja mata layi ka ce "kar ki sauka ƙasa da nan" ba, sai ta tatse VM har ta kai in aiki ya taho kwatsam ba ta da wurin numfashi. Wannan layin shi muke kira iyakar ƙasa. Ni aka ba aikin rubuta wa kowace VM tata.

Cikinsu akwai ta Filinge. Wata ƙungiyar agaji ce ke haya da ita, tana rubuta sunayen mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana noma, a ɗauki hoto da yatsa, a ba su kart na karɓar hatsi. In ka dubi zanen aikinta daga Litinin zuwa Asabar sai ka rantse ta mutu. Ni kuwa na san dalili. Mutanen ƙauye ba sa iya shigowa gari sai Lahadi, ranar kasuwa, don ranar kaɗai sojoji ke raka motoci. Aikin sati guda a cikin awa biyar yake faɗo mata. Shi ya sa na rubuta mata jiga huɗu, har na ƙara da rubutu a gefe: kar a taɓa.

To, Lahadin da ta wuce aka sa baffannin Lawali za su zo gaisuwa. Tun Juma'a na baro Yamai.

Da safen nan gidanmu ba wurin sa ƙafa. An share tsakar gida sau biyu, an yayyafa ruwa, Inna ta fito da tabarmin da ba a shimfiɗa su sai salla. Kaji shida aka yanka. Ni ina ɗaki an naɗe mini ƙafa da leda saboda lalle, ga shaddata ruwan zuma mai aikin zare a wuya an rataye a ƙofa, ga gyale, ga takalmin da ya matse ni amma Inna ta ce shi ya dace. Zafi kuwa kamar a gasa mutum, tun tara na safe fanka ke hura wuta.

"Habsa, aje wayag ga," in ji Inna. "Yau ba ranar zuwa biro ba ce."

"Inna, ina duba saƙo ne kawai."

"Saƙon mi? Mai aiko miki saƙon shina bisa hanya."

Muna cikin haka muka ji sallama da wata murya mai kaushi. Goggo Tambara ce, yayar mahaifina marigayi. Tana zaune a wani ƙauye wajen Damana, ta ƙi tashi duk da rabin garin sun watse, don ita ke riƙe da gidan tsafin kakanninmu, ta ce ba ta barin su su kaɗai. Inna ba ta son zancen, amma tana girmama ta. Ta shigo da baƙin zanenta na saƙi, da kambu a damtse, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Na tashi da ledata ina ɗingishi na rungume ta.

"Ke ɗiyar Ɗangoma, ashe amre za a yi ba a hwaɗa mini ba?"

"Gaisuwa ce kawai, Goggo."

"Gaisuwa ita ka jawo sauran." Ta zauna ta sha ruwa kofi biyu. "Mu talatin da ɗaya munka taho daga garinmu. An ce yau ar ranar ƙarshe ta rubutun suna. Bana ko zangarniya ɗaya ba mu yanke ba, Habsa. Iri ma mun ci."

Inna ta ce ta tsaya ta ci abinci. Ta ce a'a, layi ba ya jiran mai ci, in ta gama ta dawo ta ga surukan. Har ta kai ƙofa na ce mata, da alfaharina, "Goggo, na'urar da za ta rubuta sunanki ni ke kula da ita." Ta juyo ta dube ni ta yi dariya, ta ce ashe bokon ya yi rana.

Ƙarfe goma da minti ashirin wayata ta yi ƙara. Mairo ce, ƙawata tun lakwal, aji ɗaya muka yi, ita ke shugabantar masu rubuta suna a nan Filinge.

"Habsa kina gari? Mashin ya tsaya."

Na ɗauka layin sadarwa ne ya yanke, na rubuta: "Rezo ne, ki ɗan jira."

"Ba rezo ba ne. Watsap na tafiya. Mun rubuta mutum 14 ya ɗauke. Ya dawo, mun yi 3, ya sake ɗaukewa. Mutane sun fi 300 a waje. Don Allah."

Na san wannan ciwon, na san shi sarai. In VM ta rasa memuwar, sai ta kashe aikin da ya fi cin wuri don ta tsira, wanda ya fi cin wuri a can kuwa shi ne rumbun sunayen kansa. Amma ta yaya? Jiga huɗu na ba ta.

Na kwance ledar, lallen bai gama kamawa ba, na zura silifas na ja hijabin salla.

"Ina za ki?" Inna ta tare ƙofa da ludayi a hannu.

"Yanzu zan dawo."

"Habsa, baƙi sun wuto Baleyara! Kina son ki kunyata ni gaban mutanen Yamai?"

"Inna, layin su Goggo ne ya tsaya."

Ta matsa, amma ta ce in azahar ta yi ban dawo ba kar in ƙara kiranta Inna.

Kabu-kabu na hau. Ranar kasuwa ce, hanya cike da amalanke da raƙuma da masu tallar wake da shinkafa, sai da muka zagaya ta bayan tashar mota. Da na isa filin da ake rubutun, na tarar da shi cike maƙil. Mata zaune a ƙasa cikin rana, layi ya fita ƙofa ya bi bango ya karya kwana. Tsofaffi sun ɗora takardunsu a ka don inuwa. Ba mai hayaniya, shi ya fi tayar mini da hankali. Goggo na can cikin layin, ta hango ni ta ɗaga hannu tana nuna ni ga na kusa da ita.

Mairo ta miƙo mini ordinatarta, wato kwamfutarta, ba ko gaisuwa. Na shiga da sunana, na buɗe takardar iyakoki, na gangara zuwa Filinge.

Jiga ɗaya.

Na goge idona na sake dubawa. Jiga ɗaya. Rubutuna na "kar a taɓa" ma an share shi. Na buɗe tarihin canji. Juma'a, ƙarfe biyar da minti arba'in da biyu na yamma. Wanda ya canza: Habsa.

'Yan uwa, a wannan lokacin ina cikin mota tsakanin Baleyara da Bonkuku, da buhun albasar wata mata a kan ƙafata.

Daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Lahadi Mai Tatsa ta yi aikinta tsaf, ta ga VM na barci ta tatse ta har ƙasa. Da aiki ya faɗo ya kamata ta mayar mata, amma mayarwar a hankali take yi, kuma da na duba ma'ajiyar babu abin mayarwa. An kwashe jiga ukun an ba wata sabuwar VM. Na karanta sunanta. Ta gwajin da Lawali zai nuna wa manyan baƙi ranar Litinin ce, aikin da ya yi wata biyu yana ce mini in ya yi kyau shi za a ba shugabancin sashenmu.

Ga inda za ku zage ni. Mutum ɗaya ne a duniya ya san modifas ɗina, kalmar sirrin da nake shiga da ita. Ni na ba shi, da bakina, wata rana da zazzaɓi ya kwantar da ni ya ce zai ƙarasa mini wani aiki. Da na warke ban canza ba. Na ga kamar in na canza zai ce ban yarda da shi ba. Dokar kamfani ta hana, na sa hannu a kan takardar da ta hana, amma na ba shi har ina jin daɗi.

"Habsa, mi ya faru?" in ji Mairo.

"Bari in gyara tukuna."

Na kashe VM ɗin gwajin, na mayar da iyaka jiga huɗu, na tayar da ta Filinge. Sai dai rumbun da aka kashe sau biyu yana tsakiyar rubutu ba ya tashi haka nan, sai ya bi kansa layi-layi ya duba abin da ya lalace. Na zauna ina kallon lamba tana rarrafe. Kashi goma sha ɗaya. Kashi goma sha biyu. Zufa na bin bayana, lallen ƙafata ya narke ya ɓata silifas. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗiyata, ko mu tahi mu dawo?" Ban iya ɗaga kai ba.

Ɗaya da minti ashirin ya tashi. Su Mairo su huɗu suka kama aiki kamar mahaukata, hoto, yatsa, suna, na gaba. Ni ma na ja kujera na karɓi ɗaya. Amma yatsun manoma sun goge, sai an shafa mai an danna sau uku na'urar ke karantawa. Biyu daidai muka ji hon ɗin motoci. Sojojin rakiya ba sa jiran kowa, dole motoci su wuce daji kafin la'asar, wanda ya tsaya ya kwana bakwai a gari ba shi da wurin kwana ba shi da abinci. Layin ya watse a gaban idona. Mutum saba'in da tara muka rubuta. Saura mutum goma sha ɗaya a kai ga Goggo.

Na bi ta da gudu har bakin kamiyo.

"Goggo, ki tsaya gidanmu, gobe in sa a..."

"In tsaya in bar su wa? Mu talatin da ɗaya munka taho." Ta kama ƙarfen motar, wani ya ja ta sama. Ta leƙo ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ta yi. "Ba komi, ɗiyar Ɗangoma. Ƙarhe ne, shina gajiya. Ki gaida surukan."

Motar ta tashi. Na tsaya a wurin na yi kuka, ban damu da masu kallo ba.

Da na koma ciki Mairo ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

"Ki saurare ni," ta ce. "Na kira patiron ɗinmu, shugabar ƙungiyar. Lista yau take rufewa, ƙarfe shida na yamma. Ta ce in rezo ne ko wuta, ba ruwan kowa, sai zagaye na gaba."

"Yaushe?"

"Bayan wata huɗu."

Wata huɗu. Muna watan biyar. Duk wanda ya tashi a Kurfai, ƙasarmu ta Filinge, ya san abin da watannin nan huɗu suke nufi ga gidan da ba hatsi.

"In kuma laifin kamfaninku ne," ta ci gaba, "kuma shef ɗinku ya rubuto haka kafin shida, yarjejeniya ta tilasta a ƙara rana ɗaya. Lahadi mai zuwa. To ki faɗa mini, Habsa, rezo ne?"

Na ce mata zan kira ta.

A ƙofar gidanmu na tarar da farar motar Lawali a ƙarƙashin bishiyar bedi. Shi ya tuƙo baffanninsa biyu, sun shiga ciki wajen Baba Baushe ƙanen mahaifina, shi kuwa ya tsaya waje kamar yadda aka saba. Yana sanye da farar shadda, hula ta zauna, ƙamshinsa har bakin titi. Da ya gan ni ya yi murmushi, sai ya dubi ƙafata da hijabina murmushin ya ragu.

"Amarya, daga ina haka?"

"Lawali, wa ya taɓa iyakar Filinge?"

Ya dubi ƙofar gida, ya dubi wayarsa.

"Wa ya kashe mini VM?" ya ce. "Tun ɗazu nake ganin alert."

"Ni. Amsa mini."

"Habsa, na duba zanenta na kwana biyar, ko rabin jiga ba ta ci. Jiga huɗu zaune a banza, ni kuma ina neman uku. Na ce Litinin da yamma in mayar, ba wanda zai sani."

"Kwana biyar ka duba. Ka duba Lahadi?"

"Wa ke aiki Lahadi?"

Wallahi da gaskiyarsa ya yi tambayar. Ga kasuwa na ci a bayansa, ga jakuna na wucewa da kaya, ga hayaniya har ba ka jin na kusa da kai, shi kuma yana tambayata wa ke aiki Lahadi.

"Na rubuta kar a taɓa."

"Kin rubuta, ba ki rubuta dalili ba."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Abin da na sani tun ina yarinya ban ɗauka yana bukatar rubutu ba.

"To don mi da sunana?"

Ya shafa ƙeya. "Ke ke da izinin takardar. In na nema ta hanya sai Shef ya sa hannu, sai Talata. Haba Habsa, ni da ke akwai nawa da naki?"

Na faɗa masa komai. Layin, tsofaffin, Goggo, wata huɗun, ƙarfe shida. Ya saurara, kuma in yi masa adalci fuskarsa ta canza, ya ce innalillahi, ya ce bai sani ba. Na ji sanyi a raina, na ce to ga Lawalina ya dawo. Sai ya matso ya rage murya.

"Ki ji. Shef zai nemi rapor, bayani a rubuce. Mu rubuta rezon Filinge ne ya yi ta yankewa har rumbun ya lalace. Kowa ya san rezon nan, ba mai musu. Tarihin canjin kuma ni na san yadda zan yi da shi."

"Su Goggo fa?"

"Goggo tamu ce. Gobe in sa a kai mata buhu biyu, har uku."

"Su talatin da ɗaya ne, Lawali. Garinsu kaɗai. Sauran ɗari biyun fa?"

"Ni zan ciyar da Kurfai duka?" Ya ga yadda na dube shi ya sassauta. "To shi ke nan. In dole sai an ce laifinmu ne, sunanki ne a rubuce. Ki ce kuskure kika yi kina gaggawar tafiya. Shef na son ki, faɗa kawai zai yi. Ko ma ya wuce faɗa, ke da za ki zauna gida bayan biki? Ni in aka ji na shiga da sunan wani, ba shugabanci ba, aikin ma ya tafi. Da mi zan riƙe ki?"

"Wa ya ce maka zan zauna gida?"

"Inna ta ce..."

"Inna ta ce."

Ban san lokacin da na fara dariya ba, irin wadda ba ta da daɗi. Shekara biyar na yi ina karatu, Baba ya sayar da shanunsa biyu kafin ya rasu. Ni kaɗai ce mace a ɗakin na'urar nan. Ashe har an gama raba rayuwata tsakanin Inna da ɗanta na Yamai, ni ce ban samu labari ba.

Wayata ta yi ƙara a hannuna. Shef Isufu.

"Habsa, ƙungiya ta kira ni. Na ga canji da sunanki ranar Juma'a 17h42. Ina jiran bayani kafin 5."

Lawali ya leƙa ya karanta. Ya kama bakin hijabina, abin da bai taɓa yi ba.

"Don girman Allah, Habsa. Iyayena na cikin gidanku."

Sai ga Inna ta leƙo daga zaure, ta ci ado da leshinta, ido ja.

"Ke! Tun yaushe kinka dawo? Dubi ƙahwarki! Wuce ki sa kaya, Baushe na ta tambaya." Ta juya ga Lawali murya ta koma zuma. "Ɗana, an kawo maka hura?"

Na shiga ɗaki na sa sakata. Na wanke ƙafa, lallen ya fito dabbare-dabbare, wani wuri ja wani wuri fari. Na sa shaddar, na ɗaura kallabi sau uku yana zamewa. Daga tsakar gida ina jin muryar baffanninsa suna yabon gidanmu, Baba Baushe na ba su labarin mahaifina. Ina son Lawali, kar ku ce ba na son shi. Na san yadda yake cire mini albasa daga sandwic don ya san ba na ci. Na san yadda ya yi ta zarya asibiti da Inna. Na zauna bakin gado ina neman hanyar da zan tsira da shi in tsira da su Goggo, na juya ta nan na juya ta can. Akwai ta, ita ce wadda ya faɗa: in ɗauka ni kaɗai. A buɗe lista, a yi biki, kowa ya ji daɗi. Har na fara rubutawa. "Shef, kuskurena ne, ina gaggawa..."

Na tsaya. In na aika wannan, mutumin da ya share "kar a taɓa" ya zama shugaban sashe ranar Litinin, da ikon taɓa iyakar kowace VM ba tare da ya ari sunan kowa ba. Akwai VM ɗin Abala, akwai ta wasu garuruwa huɗu, kowane da ranar kasuwarsa. Ni kuma ina gida ina dafa masa abinci.

Na goge. Na rubuta wannan, ga shi yadda yake har yanzu a wayata:

"Shef, ba rezo ba ne. Laifinmu ne. Iyakar Filinge jiga 4 na sa saboda ranar kasuwa, ban rubuta dalili ba. Lawali ya mayar da ita jiga 1 ranar Juma'a don gwajinsa. Da sunana ya shiga, ni na ba shi modifas tun watan biyu. Na san hukuncin. Don Allah ka rubuta wa ƙungiya kafin 6, mutum sun fi 200 ba su samu shiga ba."

Inna na bugun ƙofa. Na danna.

Alama biyu suka fito, suka koma shuɗi. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake. Ina tsaye da takalmin da ya matse ni ina jira.

"Na gani. Takarda za ta tafi yanzu, a shirya Lahadi. Na rufe shigarki da tasa. Gobe 8h ku same ni, ki taho da bajinki na shiga kamfani da makullin ɗakin na'ura."

Na tura wa Mairo kalma ɗaya: "Lahadi." Ta aiko da hannuwan addu'a sun fi goma. Na ajiye wayar a kan gado na buɗe ƙofa.

Inna ta gyara mini gyale, ta tofa mini addu'a a goshi, ta ce in sunkuyar da kai kar in yi saurin magana. Na bi ta har rumfar da baƙin suke. Dattawa biyu ne masu kamala, da manyan riguna, ga ƙwaryar goro a gabansu an yaye ganyen. Na durƙusa a gefen tabarma na gaishe su. Babban ya ce masha Allah, ya ce Lawali ya yi dace, ya ce tun daga Yamai yaron ke zancen hankalina.

Bangon gidanmu na ƙasa ne, gajere. Ta bayansa na ji wayar Lawali ta yi ƙara. Na ji ya ce, "Alo, Shef." Daga nan ban ƙara jin muryarsa ba.

Baba Baushe ya gyara zama ya ce, "To Habsatu, ga iyayen yaro sun taho da alheri. Mu ba mu yi miki dole. Ki hwaɗa da bakinki gaban kowa, kin yarda a amshi goron ga?"

Inna ta taɓa ni da ƙafa ta baya.

Kafin in buɗe baki muka ji an buga ƙofar mota da ƙarfi. Inji ya tashi, taya ta kwashi tsakuwa, ƙarar ta yi ta nisa ta hanyar Yamai. Dattawan suka dubi juna. Ƙaramin ya miƙe ya leƙa ta kan bango, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo da hularsa a hannu.

"Yaya," ya ce, "yaron nan ya tafi ya bar mu."

Duk rumfar ta juyo ta dube ni, har Inna.